Baba Wadilkam da Sunan da Matan Gidansa Ba Sa Faɗa

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidanmu a Pantami ya san ba a wuce Baba haka kawai. Yana nan zaune a kan bencinsa a bakin zaure, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, rediyo a gefe a kashe don kada batir ya ƙare a kan labaran da bai shafe shi ba. Zai amsa maka sallama, don ba ya wasa da wajibi. Daga nan sai ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya.

"Sunanka?"

"Muhammadu."

"Na uba fa?"

"Abubakar."

Sai ya girgiza kai a hankali, kamar wanda aka ba labarin rashin lafiya. "Allah sarki. Ku ai kun fi waken Gombe yawa. Yaro, in ka ɓace a kasuwa aka yi cigiyarka, rabin kasuwar ne zai biyo mai shela gida." Sannan ya daki ƙirji. "Ni Haruna Wadilkam. Tashi ka je Nasarawo, ka zagayo ta Malam Inna, in ka samo na biyu ka dawo na bar maka bencin nan."

Mai ruwa ya sha wannan tambayar, masu yanke wuta sun sha, ungozoma ma da ta zo da gaggawa sai da ta tsaya ta ba da suna. Ni kaina ranar da aka kawo ni gidan, ina lulluɓe ina kukan amarci, a zaure aka tsayar da mu. Ƙawata ce ta amsa mini, ta ce Maryam Usman. Baba ya ce, "Ba laifi, ku shigo da ita. Za mu gyara mata."

Ni surukarsa ce, matar ƙaramin ɗansa, kuma kun san bai kamata sunan nan ya fito daga gare ni ba. Kafin na zauna rubuta wannan sai da na aika aka tambayo mini Malam Liman na masallacin layinmu. Ya ce a gaya mini na rubuta, biro ba shi da suruki.

Asalin sunan kuwa ya danganta da lokacin da ka tambaya. Idan kafin cin abinci ne, wani Bature ne mai sayen auduga a zamanin da, ba shi da ɗa, ya ga amanar mahaifin Baba ya kira shi ofis ya ce ga sunana na ba ka halak malak. Idan bayan cin abinci ne, Baturen ya zama babban soja, har doki gare shi. Ranar da aka sa madara a shayi kuwa, ɗan'uwan sarauniya ne da ya yi fushi da gida ya taho Gombe.

Dada, uwar mijina, ita labarinta ɗaya ne ba ya canzawa. Muna tsince shinkafa a tsakar gida ta ba ni shi.

"Uban nasa sikeli yake ɗaukar wa Baturen a ka, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Audu ne sunansa, kuma Audu sun yi yawa a wurin awon. Ga Audu dogo, ga Audu mai jaki, shi kuma aka ce Audu na wancan mutumin." Wancan mutumin take cewa, ko a labari ba ta kama sunan. "Da aka kai Babanku makaranta aka ce ɗan wa, aka ce ɗan Audu na wane. Malamin ya ga 'ya'yan Audu sun cika masa aji, ya yar da Audun ya ɗauki na Baturen. Shi ke nan gadon. Bature ya hau jirginsa ya tafi, bai ma san ya bar mana kaya ba."

Daga zaure muka ji muryar Baba. "Ina jin ki."

"Don ka ji na faɗa."

"Wasu sun gaji gona fari ya cinye, wasu sun gaji shanu ciwo ya kwashe. Nawa gadon ko gara ba ta ci."

Dada ta ce, "Shi ya sa ba a miya da shi."

Abin da ke damun Baba shi ne ƙarancinsu. 'Yan'uwansa maza duk sun riga shi gidan gaskiya. Babban ɗansa yana Kano, 'ya'yansa duk mata, kuma Baba ya ce mata aure ne ke kwashe su da suna da komai. Maigidana kuwa tun yana sakandare ya ajiye sunan, saboda yara sun dame shi da ɗan Bature ya ƙone a rana. Ya koma Sani Haruna abinsa, kamar kowa. Baba bai taɓa yafe wannan ba. In zai aika a kira shi sai ya ce, "Ku kira mini ɗan gudun hijira."

Da ya ga gida ba ya ƙaruwa sai ya shiga neman mutane a waje. Ya fara da Malama Rahila, malamar firamare 'yar Kaltungo da ke haya a ɗakinmu na waje.

"Malama, ku da kuka saba da sunayen Turawa, ƙarin guda ɗaya ba zai yi miki nauyi ba."

"Baba, ko a cocinmu ban taɓa jin mai wannan sunan ba."

"Shi ya sa nake miki tayi tun mutane ba su farga ba."

Ta ce za ta yi shawara. Kullum in za ta wuce makaranta sai ya ce, "Malama, shawarar ta nuna?" Ita kuma ta ce tana kan wuta.

Da mutane suka ƙi sai ya koma kan dabbobi. Baba ba ya sayen ragon layya ana gab da Sallah, ya ce wannan aikin marasa tunani ne. Ɗan ƙarami yake saye tun da wuri ya yi kiwo, kiwon kuma da ɓawon kankana da tsohon kwali. Wata shekara ya raɗa wa ragon Wadilkam Ƙarami. Da safe ya gaishe shi, da yamma ya ba shi labarin Bature. Ana gobe Sallah muka ga ya fito da wuƙa zai wasa, ya dubi rago, rago ya dube shi, ya mayar da wuƙar ɗaki. Ya aika a kira Malam Liman.

"Malam, musaya za mu yi. Ba na yanka ɗan gida."

Liman ya zagaya ragon, haƙarƙarinsa duk a waje kamar kwandon kaji. Nasa kuwa kowa a layi ya san shi, sai da mutum biyu ake jan sa.

"Malam Haruna, nawa fa ya yi biyun wannan."

"Naka nama ne kawai. Nawa har da asali."

Kunya ta sa Liman ya yarda. Ranar Sallah ya yanka ragon Baba, ya aiko mana da cinya ɗaya, ko don zumunci ko don mu ga abin da aka cuce shi da shi. Dada ta soya ta kai wa Baba. Sai da ya suɗe kwano ta tsaya a bakin ƙofa.

"To, ka cinye ɗan'uwan naka?"

Ya ɗauki tsinke yana sakace. "In ban ci ba wa zai ci, bare?"

Malama Rahila ce ta jawo mana babbar. Don ta huta da maganar shawara, wata Asabar ta zo da wayarta ta zauna a gefen benci ta ce bari ta binciko masa danginsa na can. Ina wanki a bakin rariya, duk ina ji. Ta ce sunan wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Ingila, mutanen da suka fito daga can ake kira da shi, kuma ko a can ɗin ba su da yawa. Baba ya ɗauko tabaransa mai ɗaurin zare ya ce a nuna masa fuskokinsu. Abin da wayar ta yi ta fitarwa hotunan duwatsun kabari ne, ciyawa ta rufe wasu.

"Wannan fa?"

"Ya mutu, Baba."

"Wannan?"

"Ita ma."

"Masu rai fa?"

"Ga wata tsohuwa, kamar tana nan. Sai wani mai gyaran famfo a wata ƙasa can gaba."

Baba ya cire tabarau. Na bar wankin na leƙo, na ɗauka kuka zai yi. Sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "To ashe hedikwata ta dawo Gombe."

Washegari da hantsi muka ji ana jan tabarmi. Baba ya shimfiɗa su a ƙofar gida, ya jera butoci, ya zauna ya sunkuyar da kai da carbi a hannu. Kun san mutanenmu, ba a ganin tabarma a ƙofar gida a wuce. Mai acaɓa ya tsaya, mai kanti ya rufe ya zo, kafin azahar layi ya cika.

"Baba, ya haƙuri? Wa ya rasu?"

"Dangi ne a Ingila. Da yawa."

"Innalillahi. Haɗari ne? Yaushe abin ya faru?"

"Tun kafin a haifi kakanka. Labari ne bai iso da wuri ba."

Liman ya zo ya durƙusa kusa da shi ya rage murya. "Malam Haruna, mutanen nan fa ba mu san a kan me suka cika ba."

"Ban ce ka roƙa musu komai ba. Ni za ka yi wa gaisuwa, ni aka bari da nauyi."

Maƙwabta suka yi ta aiko da kunu da shinkafa da wake kamar yadda ake yi. Dada ta shige ɗaki ta ce duk wadda ta zo a ce ba ta nan, amma kwanukan dai ta sa na karɓa. Sai da aka yi sadakar uku Baba ya naɗe tabarmi. Malama Rahila kuwa tun daga ranar ta daina zama kusa da benci da waya a hannu.

To a lokacin ina da ciki, cikin fari. Tun daga makokin nan Baba ya koma kallon cikina ta gefen ido yadda manomi ke kallon hadari. Mutumin da ke ƙirga ƙwayar suga a shayi ya fara aiko da balangu ta hannun Dada, ya ce a kai wa hedikwata. Kowa yana dariya, ni kuwa hankalina bai kwanta da naman ba.

Kun san ni da tsoro, ban ɓoye wa kowa ba. Ni ce mai sa yatsa a hancin jariri in ya daɗe yana barci. Kuma tun ina yarinya a Malam Inna mahaifiyata ta gaya mini da suna maye ke kiran kurwar yaro. Na zauna na yi tunani na ga in maye ya kira Muhammadu Sani a garin Gombe, sai ya rasa wanda zai kama, ya gaji ya koma gida. In kuwa ya kira wancan sunan, ai gida ɗaya ne, ko tambaya ba zai yi ba, duk mai keke ya san ƙofarmu. Bayan maye ga baki. Duk inda aka kira sunan sai kowa ya waiwayo, kuma kowane kai da ya waiwayo yana da ido biyu da baki ɗaya. Ni so nake ɗana ya shige cikin jama'a ya ɓace kamar ƙwayar gero a buhu. Sannan ga ni, yaya zan yi a makaranta ko a asibiti in aka ce sunan yaro? Na buɗe baki na kama sunan surukina?

Na gaya wa maigidana. Ya ce na kwantar da hankalina, shi ma ba zai bari ba.

Allah Ya sauke ni lafiya, namiji. Ranar suna ina ɗaki da mata, muna jiran a shigo da labari. Liman ya yi addu'a ya raɗa Muhammadu. Sai muka ji sanƙira ya ɗaga murya yadda har filin ƙwallo za a ji: an samu Muhammadu Wadilkam, jikan Wadilkam, magajin hedikwata. Ashe tun jiya Baba ya kira shi gefe sun gama magana. Nonon da nake ba yaron sai da ya tsaya.

Da baƙi suka watse aka yi ta a zaure, muna jiyo su.

"Baba, abin da na sha a makaranta ba zan bari ɗana ya sha ba."

"Me ka sha? Tsokana? Wa tsokana ta taɓa kashewa? An ɗinka maka riga taka kai kaɗai, ka tuɓe ka shiga yunifom."

"Ni na haife shi, sunana zai bi, kamar ɗan kowa."

"To ni wa ya haife ka, gwamnati?"

Maigidana bai janye ba. Baba kuwa ya yi shiru, kuma shirun nan ya fi faɗan ciwo. Ya daina tare mutane a ƙofa. Mai ruwa ya shigo ya fita ba a tambaye shi suna ba, har ya tsaya ya tambayi Dada ko Baba ba shi da lafiya ne.

Da yaron kaɗai yake hira. Shi ya sa masa Halifa, mu ma muka kama, dama ɗan fari ba a kiran sunansa. Da yake suruki ba ya zama ya yi gardama da surukarsa, sai ya mayar da jaririn ɗan aike. Ya ɗora shi a cinya ina shanya a kusa.

"Halifa, tambayo mini uwarka, me sunan nan ya yi mata?"

Na juya baya ina matse zane. "Halifa, gaya wa Baba mayu nake tsoro."

"Halifa, gaya mata mayun Pantami ba su san da shi a harkarsu ba. Mayen wannan suna sai dai ya taso daga Ingila, kuma kuɗin jirgi zai hana shi."

"Halifa, gaya wa Baba baki fa?"

Ya daɗe yana wasa da yatsun yaron. "Halifa, gaya mata ni baki ya bi ni tun ina tsayinka, ga ni na tsufa. Abin da ba a faɗa shi ne yake mutuwa."

Na kwashe bokitina na shige.

Yaron ya fara zama ke nan zazzaɓi ya kama shi. Da safe na ɗauke shi na ji jikinsa kamar murfin tukunya, ya ƙi nono, idonsa yana juyewa sama. Maigidana direba ne, ya yi lodi zuwa Yola. Dada ƙafa ta hana ta tafiya. Ina tsaye a tsakar gida ina juyi da yaro a hannu na rasa ma inda mayafina yake, sai ga Baba da sandarsa ya riga ya tsayar da keke. Mutumin da yake ciniki da mai keke har mai keke ya yi fushi ya tafi, ranar bai tambayi ko nawa ba.

Asibitin ya cika maƙil, damina ce, kowace uwa da nata a kafaɗa. Baba ya ce na zauna da yaro shi zai yanko kati. Ya je taga ya dawo ya tsaya a gefena, don babu wurin zama kuma ya ƙi yarda wata ta tashi masa.

Nas ta fito da katuna a hannu, wata doguwa mai murya. Ta ce, "Muhammad Sani." Na zabura na miƙe. Kafin na kai ƙofa wasu mata sun riga ni, kowacce da nata Muhammad Sanin.

"Nawa ne, tun asuba nake nan."

"Asubar gidanku? A gabana kika zo."

Nas ta raba su da ƙyar, ta duba, ta shigar da ɗaya. Na koma na zauna. Can aka sake kiran Muhammad Sani, muka sake tashi, aka sake faɗa, ba nawa ba ne. Halifa ya daina kuka, kuma shirunsa ya fi kukan tayar mini da hankali. Ina ta hura masa iska a fuska ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai nas ta fito ta dubi kati ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Muhammad Wadilkam."

Kawuna suka fara waiwaye. Ba wadda ta tashi. A nan na gane abin da Baba ya yi a bakin taga. Na dube shi, karo na farko da na taɓa kallon tsakiyar idonsa, shi kuwa ya mayar da kai yana kallon silin. Ba lokacin fushi ba ne. Na rungumi yaro na nufi ƙofa.

Nas ta tare ƙofar da hannu. "Tsaya. Yau mata sun ishe ni da tashi a kan katin da ba nasu ba. Ba mai shiga sai uwa ta faɗi sunan ɗanta da bakinta."

Baba ya matso. "'Yata, ni ne kakan, ni na..."

"Baba, uwa na tambaya."

Ɗan fari ne, ga sunan suruki, ga surukin a tsaye har ina jin numfashinsa. Na ce, "Sunan Manzo ne, sai kuma nasu," ina nuna Baba da haɓa.

"Baiwar Allah, akwai mutane a bayanki. In ba naki ba ne ki matsa."

Ta fara mayar da katin ƙarƙashin sauran. Halifa ya yi wata irin miƙa a hannuna, kansa ya faɗa baya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗa, duka biyun, kuma da ƙarfin da ban yi niyya ba, har masu sayar da ayaba a bakin ƙofa sun ji. Wata tsohuwa a benci ta tafa hannu ta ce, "Yau ga 'yar zamani, ta kama sunan suruki a gabansa." Nas ta janye hannu na shige.

Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi masa allura aka sa masa ruwa. Wajen la'asar ya buɗe ido ya nemi nono da kansa, ni kuma sai a lokacin na samu damar yin kukana. Da aka sallame mu na fito na tarar da Baba zaune a ƙasa a gindin bishiya, ya jingina sandarsa, ko ruwa bai sha ba tun safe. Ya karɓi yaron ya taɓa goshinsa ya yi hamdala. Na jira ya ce Halifa gaya wa uwarka. Bai ce ba.

"Maryama."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na durƙusa.

"Na yi miki laifi a wurin kati, na sani. Amma bari na gaya miki. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakin macen gidana ba. Uwata ba ta faɗa ba. Uwar mijinki ta shigo ɗakina da ƙuruciya ta tsufa a ciki, ko da kuskure ba ta taɓa ba. Kullum ni kaɗai nake faɗa ina ji." Ya share ido da bakin rigarsa. "Ashe haka yake da daɗi."

Na sunkuyar da kai ina ta kallon ƙasa. Can ya yi gyaran murya.

"Ko za ki ɗan ƙara sau ɗaya? Ɗazu hayaniya ta yi yawa."

Na ce, "Baba, keke na jira."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, kun san Pantami. Dada ta karɓi jikanta ta duba shi sama da ƙasa, sannan ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Da gaske kin faɗa?"

"Dada, yaron ne ya..."

"A gabansa?"

Na gyaɗa kai, ina jiran faɗa. Ta leƙa waje ta ga ba kowa, ta dawo ta rage murya.

"Yaya yake a baki?"

Da maigidana ya dawo ya ji, ya ɗauki katin zai koma asibiti a canza. Ni na riƙe masa riga na ce ya bari. Ya tsaya yana kallona.

"Ke ce fa mai maganar mayu."

Na ce har yanzu ina yi. Amma na ga yadda ake tashi a kan suna ɗaya ana faɗa yaro yana ƙonewa a hannu, kuma na ga tsoho a gindin bishiya. Ya ce mata dai ba a gane musu. Ya ajiye katin, bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma na je wurin Liman na karɓo addu'o'in tsari, safe da yamma ina tofa wa yaron, har yau ban fasa ba. Washegari da sassafe muka ji Baba ya tare mai ruwa a zaure yana tambayarsa suna, Dada ta ce to, an warke.

Baba bai ga Halifa ya fara tafiya ba. Yaron yana kama bango yana miƙewa Baba ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Da aka fito da shi za a yi masa salla, Liman ya ce a yi wa Malam Haruna addu'a, a yafe masa. Muna ciki muna jiyowa. Dada tana zaune a kan tabarma. Sai ta ɗago ta kira maigidana daga bakin ƙofa.

"Je ka gaya wa Liman ya cika masa sunansa."

Shi ya fita ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a, shi da ya gudu ya bar sunan tun yana yaro.

Allah Ka ji ƙan Baba, Ka yafe masa ragon Liman da makokin Ingila da duk wanda ya tsayar a rana. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Ka sa a kira shi a hankali, ya amsa cikin mutanen dama. Ka ba Dada haƙuri. Ka raya mini Halifa, Ka tsare shi daga ido da baki, don yanzu kam kowa ya san inda yake. Amin.